Saƙon autarmu da mawaƙan da ba su san sunan da aka raɗa musu ba

 

Makon jiya da daddare, dawowata ke nan daga laburare ina ɗumama sauran miya, sai ga saƙon murya daga autarmu a Zariya. Ita ce ke shirin jarrabawar WAEC, kuma adabin Ingilishi na cikin darussanta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, don Allah ki cece ni. Malaminmu ya ba mu sunaye shida, ya ce su ne mawaƙan metafizika, mu haddace. Na haddace tsaf. Yau kuma ya kawo wata waƙa babu sunan mai ita, ya ce mu faɗi ko irin tasu ce, mu kawo dalili. Wallahi ajin nan tsit ya yi."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin ni ma haka na yi a zamanina. Na haddace sunaye, na ci jarrabawa, na manta. Sai da na zo ƙasar nan na shiga aji na farko, na buɗe baki na kira John Donne da "Don-ne", malamar ta gyara mini a hankali cewa "Dan" ake faɗa. Ran nan na gane cewa shekara da shekaru ina ɗauke da sunan mutumin da ko kiransa ban iya ba, balle in gane muryarsa a cikin taro. Saboda haka amsar da na shirya wa autarmu ita na kawo muku yau, don na san a cikinku akwai masu ƙanne da 'ya'ya a irin wannan hali, akwai kuma waɗanda yaransu ke karanta waɗannan waƙoƙi a makarantun nan Ingila su dawo gida da tambayar da iyaye ba su da amsarta.

Mu fara da sunan kansa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mawaƙa da ya taɓa kiran kansa mawaƙin metafizika. Ba ƙungiya suka kafa ba, wasunsu ma ba su taɓa haɗuwa ba. Kalmar ta samo asali ne daga littattafan Aristotle da aka jera bayan littafinsa na kimiyyar ɗabi'a, kuma malamanmu da suka karanta falsafa da Larabci sun san fannin da sunan abin da ke bayan ɗabi'a: tambaya a kan rai, da lokaci, da samuwa, da Mahalicci. A 1693, shekara sittin da biyu bayan rasuwar Donne, mawaƙi John Dryden ya soke shi da cewa yana cusa falsafa har cikin waƙar soyayya, yana rikita mata da muhawara a inda ya kamata ya sace zukatansu. A 1779 kuma Samuel Johnson, mai shahararren ƙamus ɗin nan, ya rubuta tarihin Abraham Cowley, a ciki ya tara su wuri guda ya liƙa musu wannan suna. Ba yabo yake nufi ba. Ya yarda masu ilimi ne, amma a ganinsa baje kolin ilimin ne ya fi damunsu, kuma suna ɗaura auren dole tsakanin abubuwan da ba su san juna ba. Wato dai sunan da muke sa yara su haddace, asalinsa gori ne.

Gorin ya yi tasiri. An daɗe ana kallonsu a matsayin masu wahalar da mai karatu a banza, sai a ƙarni na 20 farin jininsu ya dawo. Herbert Grierson ya fitar da waƙoƙin Donne a 1912, ya kuma tattara zaɓaɓɓun waƙoƙin wannan salo a 1921. A shekarar ce T. S. Eliot ya yi sharhin littafin, ya ce abin da ya bambanta su shi ne tunani da shauƙi ba su rabu ba a wajensu: suna jin tunani a jiki kamar yadda mutum ke jin ƙamshi. Daga nan aka shigar da su manhajar jami'o'i, daga can suka gangaro har ajin autarmu.

Da yake gani ya kori ji, ranar Asabar na ɗauki jakata na hau bas mai lamba 63 daga nan Old Kent Road. Wanda ke zaune a wannan yanki ya san titin da shagunan 'yan Afirka da 'yan Latin Amurka, da hayaniyar motoci dare da rana. Amma tsohuwar hanya ce tun zamanin Rumawa, kuma ta nan masu ziyara ke bi zuwa Canterbury. Kusa da mahaɗar Albany Road akwai wurin da a da ake kira St Thomas-a-Watering, inda matafiya ke shayar da dawakai, har Chaucer ya ambace shi a labaransa na Canterbury. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, nan ne kuma ake rataye mutane. A 1593 an rataye John Penry a wurin, wani mai wa'azi ɗan Wales da ya soki shugabannin cocin ƙasa. Har yau akwai ɗan titi mai sunansa a unguwar. A wannan shekarar ce kuma Henry, ƙanen John Donne, ya mutu a kurkukun Newgate, inda aka kulle shi saboda ya ɓoye wani limamin Katolika. Donne yana ɗan shekara ashirin da ɗaya.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya san irin zamanin da ya haifi waɗannan waƙoƙi. Zamani ne da aƙidar mutum kan iya kai shi ga igiya. Zamani ne da jiragen ruwa ke dawowa da labarin ƙasashen da babu su a tsohuwar taswira, Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni suna kewaya Jupita a 1610, William Harvey ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki a 1628, sannan yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 har aka sare kan Sarki Charles na ɗaya a 1649. Mutumin da ƙasa ke motsi a ƙarƙashin ƙafarsa haka, ba mamaki in waƙarsa ta cika da tambaya da gardama.

Bas ɗin ya haye gadar Blackfriars, na sauka a Ludgate Circus. A nan kusan duk labarin yana cikin tafiyar minti goma a ƙafa. Gaba kaɗan a Farringdon Street ne kurkukun Fleet ya taɓa kasancewa, inda aka kulle Donne a farkon 1602. Laifinsa shi ne ya auri Anne More a ɓoye a ƙarshen 1601, ba da sanin mahaifinta ba, alhali yana sakataren Sir Thomas Egerton wanda a gidansa yarinyar take. Auren ya ci masa aiki, suka shafe shekaru cikin talauci da ɗawainiyar 'ya'ya. Ya bar Katolika ya koma cocin Ingila, aka naɗa shi limamin coci a 1615, Anne ta rasu a 1617 bayan haihuwa ta goma sha biyu, shi kuma ya zama shugaban majami'ar St Paul a 1621. In ka hau tudun Ludgate za ka tarar da majami'ar. A ciki akwai mutum-mutuminsa naɗe da likkafani, wanda ya tsira daga babbar gobarar Landan ta 1666, har yanzu da tabon wuta a gindinsa. In kuma ka juya ta Fleet Street ka shiga lungu zuwa Gough Square, ga gidan da Johnson ya zauna ya haɗa ƙamus ɗinsa na 1755. Wanda aka yi wa gori da wanda ya yi gorin, maƙwabta ne, sai dai shekara fiye da ɗari ta raba su. Mu ma na kudancin kogi muna da rabonmu: 'yar Donne, Constance, ta auri Edward Alleyn wanda ya kafa makarantar Dulwich, a 1623, kuma a Peckham akwai makarantar firamare mai sunan John Donne.

To yanzu ga ainihin tambayar. In an miƙo maka waƙa babu suna, da me za ka gane ta? Alamomi huɗu na ba autarmu, na ce ta neme su a jere.

Alama ta farko ita ce kamancen nesa, wanda Turawa ke kira conceit. Duk mawaƙi yana kamance. In an kamanta budurwa da wata ɗan daren sha huɗu, kowa ya gane nan take, ba sai an yi bayani ba. Amma su waɗannan sai su ɗauko abin da ba ka taɓa zaton zai shiga waƙa ba, su ajiye shi kusa da abin da ya fi komai daraja, sannan su tsaya su nuna maka dalla-dalla yadda suka dace. George Herbert yana da waƙa mai suna The Pulley, wato wilin nan da ake ɗora igiya a kansa a bakin rijiya don jawo guga. A cikinta ya nuna Mahalicci yana zuba wa ɗan Adam ni'imomi ɗaya bayan ɗaya, ƙarfi, kyau, hikima, ɗaukaka, daɗi, amma ya riƙe hutu bai ba shi ba, don in alheri bai jawo bawa zuwa ga Ubangijinsa ba, gajiya ta jawo shi. Sunan wilin bai fito ko sau ɗaya a cikin baitocin ba, yana can a take kawai. Mai karatu ne zai haɗa da kansa: nauyin da ke jan igiya ƙasa ta wannan gefe shi ke ɗaga guga ta wancan. Ma'aunin ke nan. Kamancen da ka yarda da shi tun kafin ka yi tunani, na kowa ne. Wanda ka fara cewa "ina alaƙa?" sannan bayan baiti biyu ka ce "ashe haka ne", shi ne nasu.

Alama ta biyu ita ce hujja. Waƙoƙinsu suna tafiya kamar mai kare ƙara a gaban alƙali. Na ce wa autarmu ta ɗauki fensir ta ja layi ƙarƙashin ƙananan kalmomin nan masu ma'anar "idan", "amma", "tunda", "saboda haka". In sun yi yawa kuma su ke riƙe da ginin waƙar, to ta kusa. Waƙar Andrew Marvell mai suna To His Coy Mistress kashi uku ce cif: da muna da lokaci marar iyaka da na yi ta jiran ki, amma mutuwa na biye da mu, saboda haka kada mu ɓata lokaci. Wanda ya taɓa zama gaban malamin manɗiƙi zai gane wannan tsari nan da nan. Donne kuma yana da waƙar ƙuma, inda ya ce tunda ƙuma ɗaya ta cije su su biyu, jininsu ya riga ya haɗu a cikinta. Gaskiya ita ce waɗannan biyun waƙoƙin yaudara ce ta samari, kuma hujjar da ke ciki ta ƙarya ce. Mawaƙan sun san haka. Daɗin karatun shi ne ka gano inda aka yi maka wayo, kuma ban ga laifi ba yarinya ta koyi gano hujjar ƙarya a aji kafin ta ji ta a zaure.

Alama ta uku ita ce murya. Ba sa buɗe waƙa da doguwar shimfiɗa. Sai ka ji kamar ka faɗo tsakiyar magana: wani yana yi wa rana faɗa don ta leƙo ɗaki da sassafe, wani yana ƙalubalantar mutuwa, wani ya buga tebur cikin fushi yana cewa ya gaji da biyayya. Kusan kullum akwai wanda ake yi wa magana kai tsaye. Saboda suna bin numfashin mai magana, karin waƙar kan yi gargada. Abokin Donne, Ben Jonson, har cewa ya yi ya cancanci rataya saboda rashin kiyaye kari. In waƙa tana gudana sumul kamar ruwa a kwata, kowane ɗango daidai da ɗan uwansa, to ka ɗan yi shakka.

Alama ta huɗu ita ce cakuɗa abubuwan da aka saba raba su. Taswira, lissafi, shari'a, likitanci, ilimin taurari da narkar da ƙarafa, duk suna shiga waƙar soyayya. Harshen ibada yana shiga waƙar masoya, harshen masoya yana shiga waƙar ibada. Ga kuma wasa da kalma mai harshen damo, ko a wurin da ake maganar mutuwa. A waƙar Herbert da na ambata, kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin hutu, tana kuma nufin saura, kuma ya yi wasa da ma'anonin biyu da gangan. Shi Donne har da sunansa ya yi wasa a wata waƙar neman gafara, da yake lafazinsa ɗaya da kalmar da ke nufin an gama.

Alama ɗaya ba ta isa ba. Waƙar addini kawai ba ta zama ta metafizika don ta ambaci rai da lahira, haka waƙa mai wuyar fahimta. Sai an sami aƙalla kamancen nesa da hujja tare, sannan a duba zamani, domin sunan na mawaƙan Ingilishi ne na ƙarni na 17.

Sunayen da kusan kowa ya yarda da su ga su. John Donne, 1572 zuwa 1631, shi ne jagora. George Herbert, 1593 zuwa 1633, ya bar babban muƙami a jami'ar Kambirij ya ƙare a matsayin limamin ƙauyen Bemerton kusa da Salisbury, kuma littafinsa The Temple ya fito a shekarar da ya rasu, shekarar da aka fara buga tarin waƙoƙin Donne. Mahaifiyarsa Magdalen aminiyar Donne ce. Richard Crashaw ya koma Katolika ya yi gudun hijira, ya rasu a Loreto ta Italiya a 1649. Henry Vaughan, 1621 zuwa 1695, likita ne ɗan Wales, kuma da bakinsa ya ce waƙoƙin Herbert ne suka juya rayuwarsa. Andrew Marvell, 1621 zuwa 1678, ɗan majalisa ne mai wakiltar Hull, kuma yawancin waƙoƙin da aka san shi da su yau sai a 1681 aka buga su. Abraham Cowley, 1618 zuwa 1667, ya fi su duka suna a lokacinsa har aka binne shi a Westminster Abbey, yau kuwa da wuya ka ga mai karanta shi.

A tambayar zaɓi, waɗanda aka fi sakawa don ruɗa ɗalibi su ne Edmund Spenser da Shakespeare da suka fi alaƙa da zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, da John Milton mai doguwar waƙar nan ta fitar Adamu daga Aljanna, da Robert Herrick da Richard Lovelace da ake kira mawaƙan fada masu santsin harshe, sai kuma irin su Wordsworth da Keats da suka zo bayan shekara ɗari da hamsin ko fiye. Sai dai ku sani, ko masana ba su daidaita a kan iyakar ba. Misalan da Johnson ya kawo daga Cowley da Donne da John Cleveland ya ɗebo su, babu Herbert, babu Vaughan, babu Marvell. Helen Gardner kuma da ta fitar da nata zaɓin a 1957, har Shakespeare da Walter Raleigh ta saka. Don haka na ce wa autarmu, a ɗakin jarrabawa ta riƙe sunayen nan shida, amma ta san cewa shingen mutane ne suka kafa shi, kuma sun sha matsar da shi.

Akwai na bakwai, kuma labarinsa ne ya fi burge ni, don gargaɗi ne ga duk mai ganin ya ƙware a gane salo. Da na koma bas ɗin zuwa King's Cross, mun bi ta Farringdon Road, inda a da masu sayar da tsoffin littattafai ke kasa kayansu a kan amalanke. A wajajen 1896 zuwa 1897 wani mai sha'awar littattafai, William Brooke, ya tsinci wasu rubuce-rubucen hannu guda biyu a irin waɗannan wurare na Landan, ya saye su da 'yan kuɗi kaɗan. Babu sunan marubuci. Masani Alexander Grosart ya duba ya ce ai na Henry Vaughan ne, har ya fara shirin buga su da sunansa, sai mutuwa ta riga shi. Takardun suka faɗa hannun wani mai sayar da littattafai, Bertram Dobell, wanda kunnensa bai yarda ba: wannan murya ta cika murna da ɗoki, ta Vaughan kuwa ta fi nutsuwa da kewa. Aka bi sawu har aka kai ga Thomas Traherne, wani limamin coci daga yankin Hereford da ya rasu a 1674. Abin da ya yanke gardama shi ne an sami wasu baitoci na cikin rubutun a wani littafi da aka buga da sunan Traherne tun 1675. Dobell ya buga waƙoƙin a 1903, bayan fiye da shekara ɗari biyu suna kwance. Kama da wane ba wane ba ce. Alamomin salo za su kai ka unguwar, amma gane ƙofar gidan sai da shaida.

Da na gama duk wannan, sai na ce wa autarmu mu gwada a kan waƙar Donne da suke karantawa, The Good-Morrow, mai baiti uku, kowanne ɗango bakwai. Ta fara da tambaya kai tsaye ga masoyiya: kafin mu san juna, me muke yi a duniya? Ga murya. Sai ya ce ko dai ba a yaye mu ba ne, ko kuwa barci muke a kogon masu barcin nan bakwai. A nan autarmu ta katse ni, "Yaya, Ashabul Kahfi?" Na ce su fa. Kiristoci suna da labarin a matsayin samarin Afisa, mu kuma muna karanta shi a Suratul Kahfi duk Juma'a. Abin da ɗan Landan na yau sai ya duba bayanin ƙasan shafi kafin ya gane, ita ta san shi tun tana Islamiyya. A baiti na biyu ya kawo masu binciken teku da taswirori, ya ce su je su nemo sababbin duniyoyi, mu ɗakinmu ya ishe mu duniya. A na uku ya ce fuskar kowannensu tana cikin idon ɗayan, kamar rabi biyu na ƙwallon duniya. Ga kamancen nesa, ga cakuɗa ilimi da soyayya. Ya rufe da ra'ayin likitocin da, cewa abin da ke mutuwa shi ne wanda haɗinsa bai daidaita ba, don haka idan son da suke wa juna daidai yake, ba zai mutu ba. Ga hujja, har da "idan" ɗinta. Alamomi huɗu sun cika a ɗango ashirin da ɗaya.

Wannan ya sa nake ganin ɗan Hausa bai kamata ya ji tsoron waɗannan mawaƙa ba. Mun tashi da karin magana, wanda shi ma ɗauko ƙaramin abu ne a auna babba da shi. Mun tashi da waƙoƙin wa'azi tun daga na Nana Asma'u har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, inda ake tsayar da mutum a tuna masa kabari da hisabi ba tare da kwana-kwana ba. Ba ina cewa mu liƙa wa namu sunan metafizika ba, suna da nasu gida da nasu ma'auni. Ina cewa ne kunnen da ya saba da su ya riga ya yi rabin aikin.

Akwai waƙa ɗaya da ban aika wa autarmu ba, don ba ta kai shekarun da za ta yi mata ciwo ba. Izaak Walton, wanda ya rubuta tarihin Donne, ya ce ya yi wa matarsa ita ne lokacin da zai yi tafiya zuwa Faransa a 1611. Waƙar bankwana ce da ke hana kuka. A ciki ya kamanta su biyun da kamfas ɗin nan mai ƙafa biyu da ke cikin gwangwanin kayan lissafi na 'yan makaranta. Ƙafa ɗaya tana kafe a tsakiya, ɗaya tana yawo. In mai yawon ta yi nisa, kafaffiyar sai ta karkata ta bi ta da kallo, in ta dawo sai ta miƙe. Kuma tsayuwar ta tsakiya ce ke sa da'irar ta fita daidai, har a ƙare a inda aka fara.

A sakandare na ɗauki wannan a matsayin wayon Bature. Yanzu ina karanta ta a ɗaki ɗaya a Old Kent Road, maigidana da 'yarmu suna Kaduna. Da yawanku kun san dalili: tun 1 ga Janairun 2024 galibin ɗaliban da ke digiri na biyu na zaman aji ba su da izinin zuwa da iyali ƙasar nan. Na bayyana wa maigidan kamancen a waya, ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malama, ni ne kafaffiyar ƙafar ke nan? Ki gaya wa mai waƙar cewa ita ce kuma ke kai yarinya makaranta, ita ke yin kitso." Muka yi dariya har na share ido.

Ba zan ce muku waƙar ta rage nisa ba. Ko shi Donne, yana can ƙetare a wannan tafiyar matarsa ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Hujja komai kyanta ba ta hana ƙaddara. Amma na fahimci dalilin da ya sa mutum zai nemi ƙarfen lissafi a ranar rabuwa maimakon fure da hawaye. Wanda zuciyarsa ke rawa yana bukatar abin da ba ya rawa ya riƙe. Johnson ya ga baje kolin ilimi, ni kuwa mutum na gani yana lallashin kansa da abin da ya iya.

Shekaranjiya autarmu ta sake turo saƙo. Malamin ya kawo wata waƙar babu suna, ta ja layi ƙarƙashin kalmomin hujja, ta nemi kamancen nesa ba ta samu ba, ta ɗaga hannu ta ce wannan ba tasu ba ce, ta kawo dalili. Ta dace. Ta ce, "Yaya, saura ki turo kuɗin data." Na ce wannan hujjar ba ta bi daga abin da ya gabata ba, amma na tura.

Allah ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, ya sada kowane matafiyi da iyalinsa cikin alheri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.